Yadda ake tsare ruwan sama a tsaunukan Adar

Idan ka bi hanyar da ta tashi daga Tawa zuwa Keita ta ratsa Tamaske, za ka lura ƙasar tana da hawa uku. A can sama akwai shimfiɗaɗɗen tudu mai duwatsu, a tsakiya akwai gangare, a ƙasa kuma fadama ce, inda ake noman albasa da rani. Ka riƙe wannan tsari a ranka, domin duk aikin kare muhalli da aka yi a yankin Adar Dutsi da Majiya a kansa aka gina shi.

Bari mu fara da abin da ka sani. Ka tsaya ƙarƙashin rufin kwano ana ruwa: ko ɗigo ɗaya kwanon ba ya sha, duk abin da ya zuba sai ya taru a indararo ya faɗo da ƙarfi, har ya haƙa rami a inda yake sauka. To haka tudu yake idan ya rasa ciyawa da itatuwa. Ɗigon ruwa yana bugun ƙasa tsirara, ƙurar da ya farfasa ta toshe ƙofofinta, rana ta gasa ta, sai ta zama fako. Ruwan da ya biyo baya ba shi da wurin shiga, sai ya kwarara gangare yana ƙara gudu, yana kwashe ƙasar noma, ya isa ƙorama ya zaftare bakinta, ya zubar da yashi a gonakin fadama. Shi ya sa manomi zai iya ganin ruwa kamar da bakin ƙwarya yau, bayan 'yan kwanaki kuma geronsa ya fara yaushi. Ruwan ya sauka, amma bai kwana a gonar ba.

Farin 1973 da na 1984 sun ƙara tsananta lamarin. Itatuwa sun mutu, waɗanda suka rage aka sare don girki da abincin dabbobi, maza da yawa suka tafi ci-rani. A 1984, zamanin Seyni Kountché, aka yi babban taro a Maradi kan yaƙi da hamada. A wannan shekarar ce kuma aka fara aikin da kowa ya sani da suna Froje Keita, da kuɗin gwamnatin Italiya, ƙarƙashin kulawar hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. Hukumar tallafin abinci ta duniya, PAM, ta riƙa biyan ma'aikata da abinci. Da yake mazan ba su nan, mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin, su ne suka haƙa ramuka suka yi dakon duwatsu a ka.

Yanzu ka tambayi kanka: idan kai aka ba wannan aiki, daga ina za ka fara? Da yawa za su ce daga ƙorama, tunda can ɓarnar ta fi fitowa fili. Amma a can ruwa ya riga ya tara ƙarfinsa, abin da ka gina zai iya tafiya da shi a dare ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka ake farawa daga sama, inda ruwan bai yi ƙarfi ba tukuna, a riƙa saukowa mataki-mataki.

A kan tudu, ana fasa fakon da tarakta, sannan a ɗaga dogayen kunyoyi na ƙasa a lulluɓe su da duwatsu. Sharaɗin shi ne kunyar ta gitta wa gangare, kowane ɓangarenta yana kan tsayi ɗaya, don kada ruwa ya zame ya taru a gefe guda ya fasa ta. Ruwan da ya iso sai ya tsaya a bayanta ya nutse, ya bar laka da 'ya'yan ciyawa da ya ɗauko. A nan ake shuka dawa ko gero, a dasa itatuwa a jikin kunyar.

A gangare, inda tarakta ba ta iya hawa, sai aikin hannu. Ana haƙa rami mai tsawon kamar mita 3, a tara ƙasar da aka fitar a gefen ƙasa, a dasa icce irin su bagaruwa a ciki. Dubi yadda ake jera ramukan: kowane rami na layin ƙasa yana daidai da ratar da ke tsakanin ramuka biyu na layin sama. Ruwan da ya kuɓuce wa na farko, na biyu yana jiransa. Kowane icce kuma ya samu ɗan tafkinsa da zai kai shi rani.

Sai a sauko ƙorama. A nan ana saƙa keji na waya a cika shi da duwatsu, a jera a gitta wa ƙoramar. Ba a nufin ya hana ruwa wucewa gaba ɗaya. Ruwa yana ratsa duwatsun a hankali, yashi ya kwanta a baya, ƙoramar da ta yi zurfi ta fara cikewa. Inda fadama ta yi faɗi, ana gina ƙaramar madatsa da za ta baza ruwa a kan gonaki. Duk ruwan da ya nutse a waɗannan matakai yana taruwa a ƙarƙashin ƙasa, shi ne mai albasa yake ja daga rijiyarsa da rani. Ka ga ashe ramin da wata mata ta haƙa a saman dutse yana da hannu a buhun albasar da ake lodawa a kasuwar Tamaske.

Ruwa ba shi kaɗai ne mai satar ƙasa ba, akwai iska. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, da ratar kamar mita 100, a gitta wa iskar hunturu. Layukan suna karya ƙarfin iskar, yashi ya daina binne tsiro, laima ta daɗe a gona.

Daga 1984 zuwa farkon shekarun 2000, Froje Keita ya dasa itatuwa kimanin miliyan 18, ya kuma farfaɗo da fiye da hekta 34,000 na ƙasar da aka riga aka fid da rai da ita. Sai dai tarakta da waya kuɗi ne, ba kowane ƙauye ke da su ba. Abin farin ciki, ainihin dabarar ba ta buƙatarsu. Manomi da hauyarsa zai iya haƙa tassa, ƙananan ramukan da ake zuba taki a ciki a shuka gero, kamar yadda manoman Illela suka yawaita yi bayan wasunsu sun gano ta a Yatenga ta Burkina Faso. Zai iya yin kunya mai siffar rabin wata, bakinta na fuskantar inda ruwa ke fitowa. Zai iya barin tohon gawo ya girma a gonarsa maimakon ya sassabe shi, irin yadda manoman Maradi suka yi har gonakinsu suka koma cike da itatuwa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ba ya ƙarewa. Kunya tana fashewa, ramuka suna cikewa, waya tana tsatsa, akuya kuma ba ta san dashe ba. Dole gari ya zauna, manoma da makiyaya tare, su amince da wurin da za a killace, da lokacin yankan ciyawa, da wanda zai sari icce. Kai kuma, duk lokacin da aka yi babban ruwa, ka zagaya gonarka da safe ka nemi inda ruwan ya fasa, ka mayar da duwatsun tun ɓarakar tana taƙi ɗaya. Idan ka bari har damina ta gaba, kai kaɗai ba za ka iya toshe ta ba.