Yadda Gwamnatin Amurka Ta Ke Biyan Manoma Su Bar Wa Tsuntsaye Wuri

Jama'a manoman auduga, ga labarin wasu 'yan'uwanku a sana'a. Suna can Amurka, a jihar Tekzas, wadda ta fi kowace jiha tasu noman auduga. Kewayen birnin Lubok fili ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba itace, ruwan sama kaɗan ne, iska kuwa ba ta hutawa. A Tekzas kusan ƙasar duka tana hannun masu ita, ta gwamnati ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka in gwamnati tana so namun daji da tsuntsaye su sami wurin zama, ba ta da dabara sai ta lallashi mai gona. Da kuɗi ta ke lallashinsa.

Asalin abin wahala ce. Daga 1930 zuwa wajen 1939 aka yi fari mai tsanani. Kafin nan manoma sun bi dajin ciyawa da garma sun kafce shi ƙaf, ba abin da ya rage mai riƙe ƙasa. Iska ta taso ta yi ta kwasar gonaki. Ran 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta rufe rana har tsakar rana ta koma kamar dare. A shekaran nan gwamnati ta kafa ma'aikatar tsare ƙasar noma. A 1956 ta gwada biyan manoma su bar wasu gonaki su huta, daga baya aka bari. Sai a 1985 aka yi dokar da ta kawo shirin da su ke kira CRP.

Ga yadda a ke yi. Manomi mai gonar da iska ko ruwa ke ci ya tafi ofishin gona na gundumarsa, ya ce ya yarda ya daina nomanta. A duba a tabbata gona ce da a ke nomawa, ba saura ba ce da ya daɗe da yarwa. In an karɓa, sai ya sa hannu a yarjejeniya ta shekara 10 zuwa 15. Gona tana nan tasa, ba sayarwa ya yi ba. Kowace shekara gwamnati ta biya shi haya gwargwadon yadda a ke hayar irin wannan ƙasa a wurin, ta kuma ɗauki har rabin kuɗin irin ciyawa da aikin shuka ta.

Amma fa akwai sharaɗi. Ba zai kai garma ba. Ba zai yanki ciyawar ko ya saki shanu ciki yadda ya ga dama ba, sai da izini, kamar shekarar da fari ya yi tsanani dabbobi suka rasa abinci. Lokacin da tsuntsaye ke kwanci a kan ƙwai kuwa, ba a son a taɓa ta. Wanda ya karya alkawari ya kafce gonar kafin wa'adi, sai ya mayar da abin da ya karɓa duka, har da tara.

A 2007 shirin ya kai iyakar girmansa, kusan hekta miliyan 15. A lokacin Tekzas ce kan gaba, tana da fiye da hekta miliyan ɗaya da rabi.

To, me tsuntsaye suka samu? Ku lura da wannan, don nan ne abin ya shafi mai auduga. A filin nan akwai dubban ƙananan tafkuna, ba rafi ke cika su ba, ruwan sama ne kawai. Gindinsu laka ne. In sun bushe lakar ta tsattsage, in ruwa ya sauka ya bi tsagar ya gangara ƙarƙashin ƙasa, cikin babbar ma'ajiyar ruwa da a ke kira Ogalala. Daga ma'ajiyan nan manoman ke jawo ruwan ban audugarsu, tana kuwa ja da baya shekara da shekaru. In aka yi noma har bakin tafki, ruwa ya kwaso ƙasar gona ya zuba ciki, a hankali tafkin ya cike ya mutu. In aka bar ɗamarar ciyawa kewaye da shi, ciyawar ta tace ruwan, ƙasa ta tsaya a gona. Da sanyi agwagin daji su sauka a tafkunan, da wasu manyan tsuntsaye dangin gauraka waɗanda ke tahowa tun daga Kanada da Alaska, wasu ma daga Sibiriya. Watau abin da ya raya tafki domin tsuntsu shi ne ya taimaki rijiyar manomi.

A 2004 aka ƙaro wata dabara domin wata 'yar tsuntsuwa mai kama da makwarwa, wadda ta ragu ƙwarai. Ba sai mutum ya ba da gona duka ba. Gefenta kaɗai zai bari, faɗin mita 9 zuwa 36, ciyawa da haki su fito, a biya shi. Kowa ya san bakin gona, musamman kusa da itatuwa, bai cika ba da amfani ba. 'Ya'yan tsuntsuwan nan da ƙwari su ke girma, a gefen nan su ke samunsu, nan kuma ƙudan zuma ke samun fure.

Kada ku ce abin ba aibu. Da farko a Tekzas an fi shuka wasu ciyayi baƙi masu arha, ɗaya ma asalinta daga kudancin Afirka ta ke. Sun riƙe ƙasa sosai, amma sun yi cunkus, ba ƙwaya, ba hanyar da ɗan tsuntsu zai ratsa. Abin da ya fi ɓata wa masu auduga rai shi ne, malaman gona sun tarar wani mugun ƙwaro mai dogon baki, wanda ke huda 'ya'yan auduga, yana laɓewa gindin ciyawan nan da sanyi, ya fito in an yi shuka. Bayan 1990 aka canja hanyar zaɓe: kowace gona a ba ta lamba, mai niyyar shuka ciyayin gargajiya na ƙasar iri iri shi ke samun lamba babba. A ganinmu da haka aka fara da ya fi.

Akwai kuma kukan 'yan kasuwa. Gonar da ba a noma ba ta sayen taki, ba ta kai auduga injin gurza, ba ta ɗaukar ɗan ƙodago. Don haka doka ta ce kada a sa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gonakin gunduma cikin shirin, sai da izini na musamman.

Bayan 2007 hatsi ya yi tsada, hayar gwamnati ta kāsa ribar noma. Manoma da yawa, da wa'adinsu ya cika, suka mai da garma kan ciyawar da aka yi shekara 10 ko 20 ana reno. Dokar 2014 ta rage iyakar shirin zuwa ƙasa da hekta miliyan 10, ta 2018 ta ɗaga shi zuwa kusan miliyan 11.