Lisansin ilimin halittu a jami'ar Kirista: a karanta takarda kafin a biya kuɗi

Cikin watan Yuli na shekara ta 1925, wani ƙaramin gari mai suna Dayton, a jihar Tenesi ta ƙasar Amurka, ya cika maƙil da ƴan jarida da ƴan kallo. An gurfanar da wani malamin lakwal ɗan shekara 24, John Scopes, gaban shari'a bisa laifin koya wa yara cewa ɗan Adam ya samo asali daga wasu halittu da suka gabace shi, abin da dokar jihar ta hana. Alƙali ya ci shi tarar dalar Amurka 100. Kwana biyar bayan yanke hukunci, William Jennings Bryan, fitaccen ɗan siyasar da ya tsaya ma masu ƙara, ya rasu a garin. A 1930 aka buɗe wata makarantar gaba da lise a nan Dayton, aka raɗa mata sunansa, wato Bryan College. An soke waccan doka tun 1967, amma gardamar da ta haifar ba ta mutu ba. Duk ɗalibin da ya shiga jami'ar Kirista don neman lisansin ilimin halittu, wato biyoloji, zai tarar da ita tana jiran shi a bakin ƙofa.

Abin da ake koyo

A Amurka karatun yana ɗaukar shekara huɗu bayan ƙare lise, saɓanin shekara uku na lisansi a tsarin da jami'o'in Nijar ke bi. Shekarun farko ɗalibi yana koyon tsarin ƙwayar halitta, da yadda ɗa ke gadon siffofin iyaye, da zaman tsirrai da dabbobi cikin muhallinsu. A gefe guda ga kimiyyar sinadarai, ga fizik, ga lissafin ƙididdiga, kuma su ne suka fi kayar da ɗalibai. Kowane mako akwai awoyi a ɗakin gwaji, inda ake duban ƙwayoyin cuta da madubin ƙara girma, ana feɗe dabbobi, ana rubuta rahoto. Cikin wannan ɓangare babu bambanci tsakanin jami'ar coci da ta gwamnati. Galibi littattafan ɗaya ne, kuma hukumomin da ke tantance ingancin karatu ba su sassauta ma kowa don addininsa.

Su kansu ka'idojin gado da ake koyarwa, wani limamin Katolika ne ya gano su. Gregor Mendel ya shafe shekarun 1856 zuwa 1863 yana barbarar wani irin wake na Turai cikin lambun gidan ibadarsu a birnin Brno, ya shuka wajen tsiro 28,000, ya buga sakamakonsa a 1866. Malaman jami'o'in Kirista suna yawan kafa hujja da shi, don su nuna ma ɗalibai cewa mai ibada ma yana iya zama gwanin bincike.

Abin da ake ƙarawa

Bambancin yana fitowa ne a wajen ɗakin gwaji. Wheaton College, wadda aka kafa a 1860 a yammacin birnin Shikago, ta isa misali. Ɗalibin biyoloji a can dole ne ya ɗauki darussan Littafi Mai Tsarki da na tauhidin Kirista, ya halarci taron sujada sau uku a mako, ya kuma amince da yarjejeniyar zama wadda ta hana ɗalibai giya da taba. Makarantar tana da sansanin bincike cikin tsaunukan jihar Dakota ta Kudu tun 1935, inda ɗalibai ke kwashe makonni suna nazarin itatuwa da ƙwari da duwatsu. Sai dai Wheaton tana neman ɗalibi ya shaida cewa shi mabiyin Almasihu ne kafin ta karɓe shi. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba: jami'ar Georgetown ta ƴan Katolika, a birnin Washinton, tana karɓar kowa, har ma ta naɗa limami na ɗalibai Musulmi tun 1999.

Inda gizo ke saƙa

A 1859 Charles Darwin ya bayyana ra'ayinsa cewa halittu suna sauyawa sannu a hankali, wanda ya fi dacewa da muhallinsa shi ke tsira ya hayayyafa. Wani sashe na wannan bayani babu mai musun shi, domin kowa ya gani da idonsa. Mutanen ƙasar nan sun tuna lokacin da ƴan ƙwayoyin nibakin suke kwantar da masassarar cizon sauro. Ƙwayar cutar da ba ta jin maganin ta ɓulla a gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1970, ta yaɗu zuwa yamma, har ya zama dole a sake magani a shekarun 2000. Wannan sauyi ana koyar da shi a kowace jami'ar Kirista.

Rigimar tana tashi ne idan an zo kan asalin ɗan Adam. Ɗalibi zai koyi cewa mutum yana da tagwayen ƙunshin gado 23 cikin ƙwayar halittarsa, manyan birai kuma 24, kuma ƙunshi na biyu na mutum yana ɗauke da alamar haɗewar guda biyu. Masana kimiyya sun ɗauki wannan a matsayin shaidar asali ɗaya. Yadda malami zai fassara shi gaban aji ya danganta da takardar aƙida da ya sa ma hannu ranar da aka ɗauke shi aiki.

A nan makarantun suka rabu. Ƴan Katolika sun daɗe da samun mafita: Paparoma Pius na 12 ya halatta binciken a 1950, muddin an yarda rai daga Allah yake, sannan a 1996 Paparoma John Paul na 2 ya bayyana cewa ka'idar ta wuce matsayin zato. Wheaton tana koyar da ka'idar sauyin halittu cikin darussanta, amma malamanta suna sa hannu kan cewa Allah da kansa ya halicci Adamu da Hauwa'u, iyayen dukan ƴan Adam. Ita kuwa Bryan College, a farkon 2014 shugabanninta suka ƙara ma takardarsu bayani cewa Adamu da Hauwa'u ba su fito daga wata halitta da ta gabace su ba. Malamai suka kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da shugaban makarantar, 30 a kan 2. Biyu daga cikinsu da suka ƙi sa hannu suka rasa aikinsu, suka kai ƙara, daga baya aka sasanta. Ɗaliban da ke tsakiyar karatu su ne suka ga malamansu suna tattara kaya.

Akwai kuma masu ƙoƙarin haɗa kan ɓangarorin biyu. Francis Collins, likitan da ya jagoranci aikin karanta dukan rubutun gadon ɗan Adam, wanda aka kammala a 2003, Kirista ne mai riƙo da addininsa. A 2007 ya kafa ƙungiyar BioLogos, wadda ke cewa sauyin halittu hanya ce da Mahalicci ya bi.

Kuɗi da makoma

A shekarar karatu ta 2023-2024, kuɗin karatu kaɗai a Wheaton ya haura dalar Amurka 40,000, wato wajen miliyan 24 na sefa, ban da ci da kwana. Sannan lisansin biyoloji ba ya mai da mutum likita. A jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, mai bak yana shiga sashen likitanci kai tsaye. A Amurka sai ya gama shekara huɗun nan, ya ci wata jarrabawa ta musamman, kafin ya fara wasu shekaru huɗu na likitanci. Wanda bai bi wannan hanya ba yakan koyar a lise, ko ya yi aiki a ɗakin gwajin asibiti, ko a ma'aikatar gona da gandun daji, ko ya zarce zuwa bincike.

Ba sai an ƙetare teku ba ake gamuwa da irin waɗannan makarantu. Lokacin da Najeriya ta ba jami'o'i masu zaman kansu izini a 1999, biyu daga cikin ukun farko, Babcock da Madonna, na coci ne. A 2005 cocin ECWA ta kafa jami'ar Bingham, wadda ke Karu, kusa da Abuja, tana kuma da asibitin koyarwa a Jos. Sunan na Rowland Bingham ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mishan ta SIM, ita ce kuma ta gina asibitin Galmi a 1950, inda mutanen Adar da Gobir ke zuwa neman magani har yau.

Saboda haka alhajin da ya tara ribar kasuwa, ko ma'aikacin da ya ɗaure ciki shekara da shekaru don ɗansa, bai kamata ya tsaya ga kyawun gine-gine cikin hoto ba. Ya nemi takardar aƙidar makarantar a fassara masa. Ya tambaya ko ana karɓar wanda ba Kirista ba, ko sujada dole ce a kansa, da abin da malaman biyoloji suka sa ma hannu. Ya kuma bincika ko hukuma za ta amince da takardar shaidar idan yaro ya dawo gida neman aiki. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar da aka yi kafin biyan kuɗin shekarar farko ta fi wadda za a yi bayan shekara huɗu.