Daga ciki ko daga waje? Kimiyyar tsatsar mota da rigimar garanti

A ƙarshen shekarar 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhu a wata ƙara da masu motoci suka haɗu suka shigar a kotun tarayya da ke Kalifoniya, a Amurka. Motocin da abin ya shafa sun kai kimanin miliyan 1.5: Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010, Sequoia ƙirar 2005 zuwa 2008, da Tundra ƙirar 2007 da 2008. Lauyoyin masu ƙara sun ƙiyasta cewa aikin zai iya cin dala biliyan 3.4. Ba a kan inji aka yi ƙarar ba, ba kuma a kan giya ba. Tsatsa ce take cin casis, wato ƙarfen da ke ɗauke da ilahirin motar daga ƙasa. Toyota bai amsa laifi ba, amma ya yarda zai duba motocin har zuwa shekara 12 daga ranar da aka fara sayar da su, duk wadda aka samu huji mai faɗin milimita 10 ko fiye a casis ɗinta a sauya mata sabo kyauta.

Ka riƙe kalmar nan ta huji, domin a kanta rigimar mai mota da kamfani take tsayawa kusan kullum. Amma kafin mu buɗe takardar garanti, bari mu ga abin da ke faruwa a jikin ƙarfen.

Ɗigon ruwa ɗaya, ƙaramin batir

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu a kansa. Wannan kowa ya ji a makaranta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, aikin irin na batir ne: a wani wuri ƙarfen yana narkewa cikin ruwan yana sakin ilektiron, ilektiron ɗin suna bi ta cikin ƙarfen zuwa wani wuri inda oksijin ke karɓar su. Wuraren nan biyu ba lallai su zama ɗaya ba.

Wani masanin jami'ar Kambirij mai suna Ulick Evans ya nuna haka a shekarun 1920 da gwaji mai sauƙi. A ɗiga ruwan gishiri a kan ƙarfe mai tsabta, a sa masa sinadaran da ke sauya launi. Bayan ɗan lokaci tsakiyar ɗigon za ta yi shuɗi, alamar a nan ƙarfe ke narkewa. Gefen zai yi ruwan hoda, alamar a nan oksijin ke aiki. Tsatsar kuma sai ta taru kamar zobe a tsakaninsu. Me ya sa tsakiya? Saboda nan ne ruwan ya fi kauri, iska ba ta isa sosai. Ma'ana, wurin da ya jiƙe amma yake ƙarancin iska shi ne ke cinyewa.

To, ka tuna jikin mota. Ina ne ke jiƙewa iska kuma ba ta shiga? Ninkin da ke ƙasan ƙofa, inda aka naɗe fallen waje a kan na ciki. Tsakanin fallaye biyu da aka haɗa da walda. Ƙarƙashin laka da ta daskare a saman taya. Cikin casis mai siffar akwati idan ƙofofin fitar ruwansa sun toshe. Ƙasan kafet da ya sha ruwa. Shi ya sa rufin mota, wanda ruwan sama ke duka kai tsaye, yakan yi shekaru lafiya lau, ƙasan ƙofa kuwa ya ruɓe.

Tsatsa kuma ba ta rufa wa ƙarfe asiri. Alminiyam ma yana haɗuwa da oksijin, amma fatar da yake yi siririya ce, a manne, tana hana iska ci gaba da shiga. Ta ƙarfe garas-garas take, tana shan ruwa kamar soso, kuma ta ninka ƙarfen da ta fito daga cikinsa girma. Wannan kumburin ne ke tura fenti sama ka ga ya yi ƙuraje.

Sai gishiri. A arewacin Amurka, Kanada da arewacin Turai ana watsa shi a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Amurka kaɗai tana zuba kimanin tan miliyan 20 a shekara. Ruwan gishiri ya fi ruwan zalla ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba, don haka batir ɗin nan namu sai ya ƙara gudu. Bayan haka gishiri yana jawo laima daga iska. Ƙarfe mai tsabta ba ya wata tsatsar kirki idan laimar iska ta yi ƙasa da kashi 60 cikin ɗari. Gishirin miya yakan jiƙe da kansa idan laima ta kai kashi 75. Amma wasu gishirin da ake zubawa a titi, irin su kalsiyam kulorayid da maganiziyam kulorayid, tun daga wajen kashi 30 zuwa 35 suke fara jiƙewa. Mota tana ajiye a gareji, a ido a bushe take, a lungunanta kuwa ana ta aiki.

Kamfanoni sun san duk wannan. Kaurin fallen bodi kimanin milimita 0.7 ne a yawancin wurare, don haka ake shafe shi da tutiya, irin wadda ke jikin kwanon rufi. Tutiya ta fi ƙarfe saurin sakin ilektiron, saboda haka ko an karce ta ƙarfe ya ɗan bayyana, ita za ta riƙa cinyewa a madadinsa har sai ta ƙare. Porsche ya fara amfani da irin wannan ƙarfe a bodin 911 a tsakiyar shekarun 1970, Audi ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980. Sannan a tsoma bodin gaba ɗaya a kwamin fenti a sakar masa lantarki don fentin ya shiga kowane lungu, a toshe mahaɗai da danƙo, kafin a zo kan launin da kake gani, bayan nan a fesa kakin zuma ko makamancinsa a cikin ramuka. Duk fentin nan idan ka haɗa, kaurinsa bai fi na takarda ɗaya ko ɗaya da rabi ba.

Abin da takardar ta ce

Sabuwar mota takan zo da garanti biyu da suka shafi tsatsa, mutane kuma suna yawan ɗaukar su abu ɗaya. Na farko na fenti ne da tsatsar sama-sama, yawanci shekara 3. Na biyu shi ne mai dogon zango da ake tallatawa: shekara 12 a wajen Volkswagen a Turai, shekara 5 a wajen Toyota a Amurka. Wannan na biyun ba garantin tsatsa ba ne, garantin huji ne. Sai tsatsa ta huda fallen, kuma kamfanoni da yawa suna ƙara sharaɗin cewa sai ta taso daga ciki ta ɓullo waje.

Hujjar kamfani ba ta banza ba ce. Cikin ƙofa hannun mai mota ba ya kaiwa, idan ya yi tsatsa to kariyar masana'anta ce ta gaza. Waje kuwa tsakuwa na dukansa, ana gogar sa a cunkoso, kashin tsuntsu na cin fentinsa. Ba za a ce kamfani ya biya wannan ba.

Inda ni nake ganin rabon bai yi adalci ba shi ne, kimiyya ba ta raba abin gida biyu cif haka. Fenti yakan yi siranta a bakin falle mai kaifi da gefen ramukan da aka huda a masana'anta. Idan aikin bai yi kyau ba, tsatsa za ta fara daga nan, a waje, alhali babu tsakuwar da ta taɓa wurin. Laifin masana'anta ne, amma idan ya bayyana a shekara ta 5, garantin fenti ya ƙare, na huji kuma bai shafe shi ba. Ga kuma wani abin: wanda ya ga ƙuraje ya yi maza ya kai aka kankare aka fesa, ya ceci ƙofarsa amma ya goge shaidarsa, ya kuma ba kamfani damar cewa wani ya taɓa wurin. Wanda ya zauna jiran huji kuma za a iya ce masa bai kawo ƙorafi da wuri ba. Wasu kamfanonin ma sun shar'anta a riƙa kai motar wurin dilansu ana duba bodi lokaci-lokaci ana buga hatimi. Babu hatimi, babu magana.

Yaya ake gane inda ta taso? Nan ne abin da muka faɗa a sama yake amfani. Tsatsar da tsakuwa ta jawo tana da cibiya: za ka ga ɗan wurin da fenti ya ɓalle a tsakiya, tsatsar ta bazu kewaye da shi, kuma ta fi yawa a gaban mota da bayan tayoyi. Wadda ta taso daga ciki takan fito da ƙuraje a jere a kan layin ninki ko walda, fentin samansu bai fashe ba. Idan aka cire murfin cikin ƙofa, ko aka zura ƙaramar kyamara ta ƙofar fitar ruwa, za a ga ɓarnar ciki ta fi ta waje faɗi. Idan kuma wuri ɗaya ne a dama da hagu, ko a wasu motocin masu ƙira ɗaya, to da wuya a ce tsautsayi ne.

Dila zai ɗauko na'urar auna kaurin fenti. Na masana'anta yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 180, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Idan na'urar ta nuna 300 ko 400, an sake fesa wurin. Idan ta haura 1000, akwai fila a ƙasa. Da zarar an ga haka, kamfani zai ce aikin mai gyaran bodi ne ya lalace, ba nasa ba, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne.

Saboda haka wanda motarsa ke cikin garanti, kada ya kankare, kada ya fasa ƙurjin da makulli don ya ga abin da ke ciki. Ya ɗauki hoto mai kwanan wata, da ɗan ma'auni a gefe, ya maimaita bayan wasu makonni. Ya kai ƙorafi a rubuce, in an ƙi kuma ya nemi a rubuta masa dalili da sakin layin da aka dogara da shi. Maganar baka a harabar dila ba ta zuwa ko'ina. Rahoton injiniya mai zaman kansa shi ne abin da ya fi juya irin wannan shari'a. Wani lokaci kamfani zai ce zai biya rabi don kyautatawa, ba tare da amsa laifi ba. Karɓa ba aibi ba ne, amma a karanta takardar, kada a sa hannu a kan yafe duk wani ƙorafi na gaba.

Garanti kuma ba shi ne iyakar haƙƙi ba. A Birtaniya dokar 2015 ta ce idan aibi ya bayyana cikin wata 6 na farko ana ɗauka da shi aka sayar da kayan, sai mai sayarwa ya tabbatar da akasin haka. Bayan nan nauyin ya koma kan mai saye, kuma tsatsa ba ta cika nuna kanta a wata 6 ba. A Najeriya akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC da ke karɓar ƙorafi. Idan kuma tsatsar ta taɓa lafiyar tuƙi, magana ta tashi daga garanti ta koma kiranye, kamar yadda Ford ya yi a 2010 ga motocin Windstar sama da rabin miliyan saboda tsatsa tana karya ƙarfen tayoyin baya.

Motar da ta ƙetaro teku

Yawancinmu dai ba sabuwa muke saye ba. 'Yar Kwatano ce ko Beljiyam, ta yi shekara 10 ko fiye a Amurka, Kanada ko Turai. Garantin yawanci a yankin da aka sayar da motar yake aiki, kuma ko da zai biyo ta, wa'adinsa ya wuce. Hatta shekara 12 ɗin sulhun Toyota ta riga ta cika ga motocin nan. Mai saye a nan shi ne kamfanin kansa.

Motar da ta fito daga Ontariyo ko Mishigan da gishirinta take zuwa a maƙale a mahaɗai. A Kano ko Maradi lokacin hunturu, da laima ke faɗuwa ƙasa da kashi 20, tsatsar takan lafa, har mutum ya ɗauka babu komai. Damina na sauka ta farka. Wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal kuwa ba ta samun wannan hutun.

Lambar casis mai harafi da lamba 17 tana da amfani a nan. Idan motar daga Amurka take, za ka iya sa lambar a shafin hukumar NHTSA kyauta ka ga ko akwai kiranyen da ba a gyara ba, rahoton Carfax kuma zai nuna jihohin da ta yi rajista. Amma kada ka biya kuɗi sai an ɗaga ta ko an hau rami da ita. Tsatsa ja-ja ta sama a kan ƙarfe mai kauri ba abin tsoro ba ce. Abin tsoro shi ne wadda ke ɓarewa falle-falle, da wurin da ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma ka ji sautin ya mutu. A duba inda ƙafafun mota suka kama casis, da mariƙin safayar taya, da bututun birki, domin su ma ƙarfe ne kuma sirara. Mayen ƙarfe da aka naɗe a ƙyalle zai ƙi kama inda aka cika fila, in dai bodin ba na alminiyam ba ne. Idan ka tarar ƙasan mota ƙirar 2008 ya sha sabon baƙin fenti yana ƙyalli, sa makanikenka ya kankare ɗan wuri kusa da mahaɗin casis a gaban mai sayarwa, kafin a fara maganar farashi.