Me ya sa muke yi wa gwamnati biyayya? Tambayar farko a ajin kimiyyar siyasa

Sabon ɗalibin kimiyyar siyasa yakan zaci da zaɓe da jam'iyyu za a fara. Sai malami ya jefo masa tambaya: wa ya ba gwamnati ikon karɓar harajinka?

Thomas Hobbes ya amsa a littafinsa Leviathan a 1651, bayan ya ga yadda yaƙin basasa ya ɗaiɗaita Ingila. A ganinsa, in babu hukuma kowa zai kwana cikin tsoron maƙwabcinsa, don haka mutane suka miƙa wuya ga mai mulki domin ya tsare rayukansu. John Locke, a 1689, ya ƙara sharaɗi: mulki amana ne, kuma idan gwamnati ta ci amanar, jama'a na da ikon kawar da ita.

Ɗalibi kan haddace wannan don jarrabawa kawai, alhali sashe na 14 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sanya tsaro da walwalar jama'a a matsayin babban aikin gwamnati. Ƙauyukan Zamfara da ke biyan 'yan bindiga haraji kafin su shiga gonakinsu, matsalar da Hobbes ya yi magana a kai ce ke gabansu duk damina.