Alamomin da Ake Gane Uwayen Ƙwayoyin Jiki da Su

A cikin jikin baligi akwai waɗansu ƙwayoyin halitta 'yan kaɗan waɗanda aikinsu shi ne maye gurbin waɗanda suka mutu. Idan ɗayarsu ta rabu biyu, takan bar irin kanta, ta kuma fid da wata wadda za ta zama jini, ko fata, ko shimfiɗar hanji. Su ne aka laƙaba wa suna uwayen ƙwayoyi a wannan takarda, gama haihuwa ce sana'arsu. Wahalar ita ce, a ƙarƙashin madubin bincike yawancinsu ba su da kamannin da zai raba su da maƙwabtansu.

Da aikinsu aka fara gane su. A shekarar 1961, a Toronto ta Kanada, Till da McCulloch suka kashe ɓargon ɓeraye da haske mai ƙuna, sa'an nan suka ɗura musu ɓargon waɗansu ɓerayen. Sai ƙulle-ƙulle suka tsiro a kan saifarsu, daga baya aka tabbatar kowane ƙulli zuriyar ƙwaya guda ce. Amma wannan hanya ba ta nuna uwar sai bayan ta riga ta haihu.

Domin haka aka shiga neman alama, watau wani furotin da ke jikin ƙwayar wanda za a kamo ta da shi. A 1984 Curt Civin na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya bayyana wanda yanzu ake kira CD34. Har wa yau likitoci na ƙirga ƙwayoyin da ke ɗauke da shi kafin su yi wa majinyaci dashen ɓargo, domin idan adadin ya gaza, jininsa kan yi jinkirin farfaɗowa. Duk da haka yawancin masu wannan alama ba uwaye ba ne, 'ya'yansu ne da suka soma kama hanya. A 1996 kuwa masana a Japan suka nuna cewa a ɓera baligi uwa mafi daɗewa kusan ba ta da CD34 ko kaɗan.

Aikin da ya fi gamsarwa shi ne na hanji. A 2007 Nick Barker da Hans Clevers, a Utrecht ta Holan, suka sa wa ƙwayoyi masu alamar Lgr5 wani launi shuɗi da zuriya ke gada. Shimfiɗar hanji takan sabunta cikin 'yan kwanaki, amma bayan watanni ana ganin jerin shuɗi daga gindin ramukan hanjin har ƙoli. Nan alama da aiki suka shaidi juna. Sai dai a 2011 aka kashe ƙwayoyin Lgr5 da gangan a hanjin ɓeraye, hanjin bai lalace ba, waɗansu ƙwayoyi suka ɗauki aikin, har suka sāke haifar masu alamar.