Canza Kwayil na Injin Ban Ruwa

Manomin fadama, daga Illo har Lolo bakin iyakar Benin, shinkafar rani ba ta jiran makaniki. In inji ya ƙi tashi, kada ka yi saurin zargin kwayil, sau da yawa fulogi ne. Sa sabon fulogi a wayarsa, jingina shi jikin inji nesa da fetur, ja igiya. In babu tartsatsi, cire siririyar wayar makunni ka sake ja. Har yanzu shiru? To, kwayil ne.

Tafi kasuwa da tsohon, don kada a ba ka wanda bai dace ba. Wajen ɗaurawa, sa kati mai kaurin milimita 0.4 tsakanin kwayil da maganaɗisun faifan da ke juyawa. Ɗaure noti biyun, zare katin, mai da wayar makunni.