Yadda Kalma Ta Ke Manne Wa Shugaba

Kalma kamar mutum ta ke. Ana haihuwarta, ta girma, ta yi tafiya. Wani lokaci ta kan manne wa wani shugaba, har a kasa raba su. Bari mu duba misali uku.

Na farko, Murtala. Janar Murtala Muhammed ya shugabanci Nijeriya, aka kashe shi a 1976. A 1977 aka fito da takardar naira 20 da hotonsa a jiki. Sai mutane suka daina cewa naira ashirin, suka koma cewa, "Ba ni Murtala ɗaya." Sunan mutum ya zama sunan kuɗi.

Na biyu, a daidaita sahu. Kun san wannan maganar liman ce kafin a ta da salla. Malam Ibrahim Shekarau ya zama Gwamnan Kano a 2003. Ya ɗauki maganar, ya raɗa wa shirinsa na gyaran halin jama'a. A zamaninsa aka kawo babura masu ƙafa uku don ɗaukar mata. Jama'a suka kira baburan da sunan shirin. Gwamna ya sauka a 2011, amma sunan bai sauka daga kan babur ba.

Na uku, tazarce. Asalinta daga zarcewa ne, watau mutum ya wuce inda ya kamata ya tsaya. A 1998 magoya bayan Janar Sani Abacha suka yi ta kiran ta zarce, don ya ci gaba da mulki. Har teloli suka raɗa wa wani ɗinkin riga wannan suna. Abacha ya rasu a shekarar nan, kalma kuwa ta haye iyaka. A 2009 Shugaba Tandja Mamadou na Nijar ya nemi ƙarin shekaru, aka ce tazarce ce. Soja suka tumɓuke shi a 2010.

To, kun gani. Ba hukuma ke raɗa irin waɗannan sunaye ba. Talakawa ne, a kasuwa da tasha da majalisar hira. Shugaba ya na iya buga doka, amma ba ya iya zaɓen sunan da za a tuna shi da shi. Aikinsa ne ke jawo masa.

Tambayoyi
1. Me ya sa ake kiran naira 20 Murtala?
2. Daga ina kalmar tazarce ta samo asali?
3. Rubuta wata kalma irin wannan da ake faɗa a garinku.